Fashin Aiki a Tsakanin Malamai: Ina Laifin Wuri, Ina Laifin Hali?

Jawabin da aka gabatar a zaman malaman firamare na mazaɓun Magajin Gari, ƙarƙashin reshen Birnin Gwari na Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, NUT. Mun buga shi domin amfanin waɗanda ba su samu halarta ba, da kuma iyalansu.

Shugaban wannan zama, shugabannin makarantu, iyayenmu da suka yi ritaya amma ba su yar da mu ba, 'yan uwa malamai maza da mata, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma gode wa waɗanda suka taso daga ƙauyuka tun da sassafe.

Maganar da aka ɗora mana a yau ba mai daɗin ji ba ce a bakin ɗan ƙungiya. An saba jin mu muna neman haƙƙi, ba a saba jin mu muna tuhumar kanmu ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za mu yi magana ne a kan fashin aiki, wato malami ya ƙi zuwa makaranta ko ya kasa zuwa a ranar da ya kamata a gan shi a gaban allo. A ƙasar Birnin Gwari kalmar fashi tana da fuska biyu, akwai fashin daji da ya hana mu barci shekara da shekaru, akwai kuma fashin aiki da yake hana yaranmu karatu. Na farko ya haifi wani sashe na na biyu, amma ba shi ya haife shi duka ba. Aikinmu a yau shi ne mu rarrabe.

Bari mu fara daga wani wuri mai nisa da aji. Kowannenmu ya taɓa kiran kamfanin waya a kan katin da ya ƙi shiga ko kuɗin da aka cire, wata murya ta amsa masa cikin ladabi. Waɗannan 'yan kastoma kiya, kamar yadda muke ce musu, suna zaune ne a manyan ɗakuna masu sanyi, ba rana, ba ƙura, ba hanyar daji. Duk da haka, a ƙasashe da dama aikinsu ya yi suna wajen yawan fashi da yawan ajiye aiki, har masana suka mai da shi fagen nazari. A shekarar 2003 wasu masana uku, Bakker da Demerouti da Schaufeli, suka wallafa binciken da suka yi a kan ma'aikata 477 na cibiyar amsa kira ta wani kamfanin sadarwa a ƙasar Holan. Abin da suka gano ya rabu gida biyu. Nauyin aiki, wato kira a kan kira ba hutu, da matsalar kwamfuta, da haɗiye fushin masu kira, da yawan sauya wa mutum aiki, shi ne yake cin lafiyar ma'aikaci, rashin lafiyar kuma ya kai shi ga fashi. Rashin madogara kuwa, wato ba goyon bayan abokan aiki, ba shugaban da zai nuna maka hanya, ba mai gaya maka ko aikinka ya yi kyau, ba ka da ta cewa a kan lokacinka, shi ne yake kashe wa mutum sha'awar aikin har ya fara tunanin barinsa.

Wanda ya taɓa tsayawa a gaban yara saba'in ko tamanin, alli ya ƙare, rufi yana yoyo, uban wani yaro yana bakin ƙofa yana faɗa, ba ya bukatar a fassara masa wannan bincike. Mai amsa waya dole ya tausasa murya ko da an zage shi. Malami ma dole ya saki fuska ga ɗan aji ɗaya ko da ya kwana da marar lafiya ko ya baro gida ba cefane. Wata masaniya Ba'amurkiya, Arlie Hochschild, ta yi rubutu a 1983 a kan irin wannan wahala ta danne zuciya domin aiki, ta nuna cewa ita ma gajiya ce kamar gajiyar ɗaukar kaya, sai dai ba a ganin guminta. Tun kafin nan, a 1979, Robert Karasek ya nuna cewa aikin da ya fi cutar da mai yinsa shi ne wanda nauyinsa yake da yawa alhali mai yinsa ba shi da iko a kan yadda zai tsara shi. Idan mutum a ɗaki mai sanyi zai gaji har ya yi fashi, to, kada a yi mamakin malamin ƙauye.

Akwai kuma wata ƙa'ida da Steers da Rhodes suka shimfiɗa a 1978, wadda muke so kowa ya tafi da ita gida. Suka ce zuwan ma'aikaci wurin aiki yana tsaye ne a kan ƙafa biyu, son zuwa da ikon zuwa. Wani yana so amma ba ya iyawa. Wani yana iyawa amma ba ya so. A littafin sa hannu duka biyun layi ɗaya ne babu kowa a kai, amma cutarsu daban, maganinsu ma daban. Wanda ya ba su magani ɗaya, ɗaya zai warke ɗaya ya ƙara kwanciya.

Mu fara da ikon zuwa, domin nan ne tarihinmu ya fi nauyi. A safiyar Litinin, 15 ga Maris 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar firamare ta Rama, a nan cikin Magajin Gari, yara suna isowa, suka tafi da malamai uku. Ba a gida aka same su ba, ba a kasuwa ba. An same su ne a bakin aikinsu, saboda sun zo a kan lokaci. Duk wanda zai yi maganar fashin malamai a wannan ƙasa bai fara da wannan rana ba, bai yi adalci ba. Bayan shekara uku, a 7 ga Maris 2024, aka kwashe ɗaliban Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun, a kan hanyar da muke bi zuwa Kaduna. Tsakanin waɗannan ranaku biyu, mun san makarantun da aka rufe a yankunan Kakangi da Randagi da Kuyello da Kazage, mun san garuruwan da suka watse, mun kuma san yadda azuzuwan cikin gari suka cika suka tumbatsa da 'ya'yan waɗanda suka yi gudun hijira. A ƙarshen Satumban 2021 aka katse layukan waya, aka kuma hana hawa babur, domin a takura wa mutanen daji. Matakin tsaro ne, mun fahimta, amma malamin da makarantarsa take da nisan tafiyar awa guda a babur, wanda ba shi da hanyar da zai sanar da hedimasta halin da yake ciki, me za a rubuta a gaban sunansa?

Bayan tsaro sai kuɗin hanya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 29 ga Mayu 2023, kuɗin zuwa da dawowa ya ninka, ya sake ninkawa. Malamin da yake kwana a cikin gari yana koyarwa a ƙauye yakan zauna ya yi lissafi a mako na uku na wata, ko ya sa mai a babur ko ya auno masara. Ba mu ce ya yi daidai idan ya zauna a gida ba, amma mun san abin da ya zaunar da shi. Sai kuma zazzaɓin cizon sauro da damina, da rafukan da suke cikowa su raba gari da gari, da 'yan uwanmu mata masu goyo da aka tura inda babu ɗakin kwana, babu makewayi, babu ruwa. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba 2020, Gwamnatin Tarayya ta yi alkawura da suka haɗa da alawus na musamman ga malaman karkara. Kowa a ɗakin nan ya duba takardar albashinsa ya ba kansa amsa.

Akwai kuma abin da ya shafi zuciya. A 2017 aka yi wa malaman firamare na jihar nan jarrabawa, aka ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su ci ba, aka sallame su, ƙungiya ta shiga yajin aiki a Janairun 2018. A Yunin 2022 aka sake sallamar 2,357. Ba mu zo sake shari'ar wannan lamari a yau ba, kowa yana da ra'ayinsa. Abin da ya shafi maudu'inmu shi ne, mutumin da bai da tabbacin aikinsa zai kai baɗi yakan raba ƙafa, ɗaya a makaranta, ɗaya a gona ko shago ko wurin haƙar zinariya. Ranar da ƙafafun biyu suka yi karo, makaranta ce take hasara.

Wannan duka gaskiya ne. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yanzu sai mu sauko daga kan namu tudun mu dube shi.

Mun san makarantun da suke tsakiyar gari, ba daji, ba rafi, malami yana iya zuwa da ƙafa, amma ranar kasuwa sai ka tarar da aji ba kowa. Mun san wanda suna da ɗaurin aure da ta'aziyyar ƙanin abokin maƙwabci ba sa wuce shi, ko da ranar jarrabawa ce. Mun san mai sa hannu ƙarfe takwas ya ɓace ƙarfe tara, da mai sa wa abokinsa hannu, da wanda yake cikin makaranta amma a gindin bishiya yana danna waya, yara suna ta tsalle a kan benci. Mun kuma san malamai biyu da aka tura ƙauye ɗaya, albashi ɗaya, hanya ɗaya, tsoro ɗaya, amma ɗaya bai yi fashin kwana biyar ba a zango, ɗayan kuwa bai cika kwana biyar a jere ba. Idan wuri ne kaɗai, da sun yi daidai. A nan ne hali yake shigowa.

Masana halayyar ɗan Adam sun auna wannan ma. A 1997 Judge da Martocchio da Thoresen suka bi diddigin fashin wasu ma'aikatan jami'a a Amurka, suka tarar cewa masu halin kula da amana, masu tsari da cika alkawari, sun fi ƙarancin fashi, masu yawan son jama'a da shiga sabgogi kuwa sun fi yawansa. Ba sai mun je Amurka ba kafin mu yarda. Kakanninmu sun riga sun ce hali zanen dutse ne. Sai dai muna so mu yi wa wannan karin magana gyaran fuska, domin idan muka ɗauke shi a kan cewa mai fashi ba zai taɓa gyaruwa ba, to, babu amfanin zamanmu. Abin da muka gani a makarantu shi ne, hali iri ne, makaranta kuma ƙasa ce. Sabon malami yakan zo da zafinsa, mako na farko shi ne yake buɗe ƙofa. Idan ya ga hedimasta ba ya zuwa sai rana ta take, ya ga wanda ya yi fashin mako bai ji komai ba, shi da ya zo kullum ma ba wanda ya ce masa sannu, kafin shekara ta zagayo sai ya bi sahu. Haka kuma mun ga malalaci da aka mayar makarantar da kowa yake zuwa, kunya kaɗai ta gyara shi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Akwai wani nau'in da ya kamata mu yi hattara da shi, kada mu kira shi lalaci. Shi ne ɗan uwan da ya taɓa shiga hannun 'yan bindiga, ko aka kashe nasa a gabansa, ko ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa. Jikinsa lafiya lau a ido, amma ƙarar babura uku a jere takan sa gabansa ya faɗi, barci ba ya ɗaukarsa, da safe ya ji ƙafarsa ta yi nauyi. Wannan ciwo ne, likitoci sun san shi, yana kuma da magani. Takardar tuhuma ba ta warkar da shi. Irin wannan ɗan uwa yana bukatar a je gidansa a zauna da shi, a raka shi asibiti, a nema masa canji zuwa kusa.

Mene ne girman hasarar? A 2006 aka wallafa wani babban bincike da masana suka yi tare da Bankin Duniya, inda aka riƙa kai ziyarar ba-zata makarantun firamare a ƙasashe shida, Bangaladash da Ekwado da Indiya da Indonesiya da Peru da Yuganda. A jimlace, kashi 19 cikin ɗari na malamai ba sa nan a lokacin ziyara. A Indiya kashi 25 ne, a Yuganda 27, a Peru 11. Abubuwa uku daga binciken sun shafe mu kai tsaye. Na ɗaya, fashi ya fi ƙaranci a makarantun da suke da gini mai kyau, suke kusa da titi, kuma masu duba makarantu suke leƙa su. Na biyu, shugabannin makarantu sun fi malaman da suke ƙarƙashinsu yawan fashi. Na uku, wanda ba zai yi mana daɗi ba, malaman da suka fi albashi ba su fi sauran zuwa aiki ba. Ma'ana, kuɗi haƙƙinmu ne, za mu ci gaba da nemansa, amma shi kaɗai ba ya kai mutum aji.

Mu kawo lissafin gida. Mu ɗauki aji mai yara sittin. Malaminsu ya yi fashin rana ɗaya, an yi hasarar ranar karatu sittin. Lokacin da aka mayar da makarantun gwamnati na jihar nan kwana huɗu a mako a Janairun 2022, rana guda ta zama rubu'in mako ɗungurungum. Kuma waɗanne yara ne? Yaran da suka riga suka rasa shekara biyu ko uku a gudun hijira, yarinyar da aka sha fama da ubanta kafin ya bar ta ta zo, yaron da ake zawarcinsa a daji da babur da kuɗi. Uban da ya turo ɗansa sau uku ana cewa Malam bai zo ba, a karo na huɗu gona zai tura shi, kuma ba mu da bakin yi masa wa'azi. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo garin nan aka buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe, hanyoyi suka fara buɗewa, mutane suka fara komawa garuruwansu. Sulhu yana buɗe kasuwa a rana ɗaya, amma aji ne yake hana yaron yau zama ɗan bindigar gobe, ajin kuwa ba ya aiki sai da malami a ciki.

Wasu za su ce a sa ido kawai, a yanke albashi. An gwada. A yankin Udaipur na ƙasar Indiya, wata ƙungiya mai suna Seva Mandir ta raba wa malaman ƙauye kyamarori masu nuna rana da lokaci, malami ya ɗauki hoto da ɗalibansa da safe da kuma lokacin tashi, a biya shi gwargwadon kwanakin da ya zo. Esther Duflo da abokan aikinta suka auna sakamakon, fashi ya sauko daga kashi 42 zuwa 21 cikin ɗari, karatun yara kuma ya ƙaru. Saboda haka kada mu ce sa ido ba ya aiki, yana yi. Amma yana aiki ne a kan mai ikon zuwa da ba ya so. Kyamara ba ta cike rafi, ba ta korar ɗan bindiga daga hanya.

To, me muke nema, me kuma muka ɗauka wa kanmu? Daga hukuma muna neman abu biyar. A riƙa tura malami kusa da inda yake zaune, a kuma fifita 'yan asalin gari wajen ɗaukar sababbi. A biya alawus na karkara ga wanda yake kwana a karkara da gaske. A gyara ko ɗaki biyu ne na kwanan malamai da makewayi a makarantun nesa. Kada a buɗe makarantar da aka rufe sai an zauna da masu gari da jami'an tsaro da malaman da za su koma, domin Nijeriya ta sa hannu a Yarjejeniyar Kare Makarantu ta 2015, alkawari kuma kaya ne. Sannan a raba littafin fashi gida biyu, mai uzuri da marar uzuri, masu duba makarantu kuma su riƙa isa ƙauye, ba bakin titi kaɗai ba.

A namu ɓangaren, muna ba da shawarar reshe ya amince da waɗannan. Ba za mu sa wa kowa hannu ba, ba kuma za mu nemi a sa mana ba. Wanda uzuri ya same shi ya sanar tun da dare ko da asuba, domin a raba ajinsa, kada a bar yara zube. Kowace makaranta ta tsara wa kanta wanda zai wakilce ta a suna da jana'iza, maimakon a kulle makaranta a tafi gaba ɗaya. Masu bin hanya ɗaya su haɗa kuɗin mai su riƙa tafiya tare. Asusunmu na taimakon juna ya ware wani abu domin rancen kuɗin hanya a ƙarshen wata. Wanda ya yi kwana uku ba a gan shi ba, wakilin ƙungiya ya riga takardar tuhuma isa gidansa, ya tambaye shi lafiya. Idan ciwo ne ko tsoro ko rashi, mu tsaya masa har gaban kowace hukuma. Idan kuwa sakaci ne, mu gaya masa gaskiya a cikin ɗaki, sau ɗaya, sau biyu. Bayan haka kada ya sa ran ƙungiya za ta ɓata sunanta wajen kare shi. Shugabannin makarantu kuma, ku yi haƙuri, daga kanku za a fara, domin ƙofar da hedimasta ya buɗe da hannunsa ba a makara a bayanta.

Ga iyalanmu da za su karanta wannan a gida, matan malamai da mazajen malamai, ku ma kuna da hannu. Kun sha zaman zullumi kuna jiran ƙarar babur da yamma, mun sani, Allah ya saka muku. Muna roƙon ku rage mana aiken safiya da sabgogin da za su iya jira har a tashi, ku kuma zama na farko da za su tambaye mu idan kun ga rana ta yi muna kwance.

'Yan uwa, an kafa wannan ƙungiya a Legas a 1931, Rabaran Ransome-Kuti ne shugabanta na farko, kuma tun daga ranar ƙarfinta bai taɓa wuce mutuncin malamin da yake cikin aji ba. A ƙasar Hausa ma muna da gadon Nana Asma'u, wadda jajinta suke taka ƙasa daga gari zuwa gari domin kai ilimi ga matan karkara, ba albashi, ba alawus. Ba mu kawo wannan domin a ce mu yi aiki kyauta ba. Mun kawo shi ne domin mu tuna cewa ranar da za mu zauna da hukuma neman haƙƙi, babu hujjar da ta kai littafin sa hannu mai tsabta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya jiƙan malaman da muka rasa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari lafiya, ya yi wa yaranmu albarka.